Ɗaukar Amaryar Ƙanƙara

Litinin, 23 ga Oktoba

Bari in rubuta, tunda mutane sun fara mantuwa.

Na gama aji takwas da tafiyar ƙafa, awa biyu zuwa, awa biyu dawowa. Na fara dakon kayan Turawa masu hawan dutse ina ɗan shekara sha bakwai, da takalmin roba. Shekara tara ina dako, sha ɗaya ina shugaban 'yan dako, ban taɓa baro mutum ko ɗaya a kan dutse ba. Turanci a bakin masu shi na tsince shi, ba malami. Motar jif ta farko da ta shigo ƙauyenmu Harkon tawa ce. Masaukin baƙina na garin Skardu mai ɗaki sha huɗu, da hannuna na jera duwatsun harsashinsa. Na aurar da 'ya'ya uku, na je Makka, na je Karbala. Duk wannan ba wanda ya kama mini. Ba wanda.

Shi ne yau Apo Jafar, dattijon garinmu, ya dube ni a farfajiyar masallaci, gaban jama'a, ya ce wai in ba da aron igiyoyi da ƙarafan takalmi na taka ƙanƙara in zauna a gida. Wai shekara sittin da biyu ba wasa ba ne. Shi da ya ba saba'in baya.

Maganar ruwa ce. Bana magudana ta ƙafe tun alkama ba ta yi ido ba, itatuwan culi, marmarin nan namu mai ƙwallo ɗaya, suka zubar da 'ya'ya ɗanye, gonakin ƙasan gari suka ƙone. An tsai da shawara za a yi abin da kakanni suka yi, a aurar da ƙanƙara. A sari baƙin na kwarinmu, namijin, mai tsakuwa a ka, wanda ba ya ba da ruwa. A je bayan dutse a ɗauko farar, macen. A haɗa su a kogon da ke saman gari inda rana ba ta kaiwa, a rufe, a jira su hayayyafa. Rabon da a yi haka tun ina goye. Apo kaɗai ya gani da idonsa, shi ya sa aka ba shi ragamar aikin.

Na ce masa macen zan ɗauko, mai nisan. Kuma kwandona ni kaɗai.

Talata, 24 ga Oktoba

Dokar biyu ce, Apo ya maimaita ta sau uku kamar mu yara ne. Daga saran ƙanƙara har a kwantar da ita a kogo ba mai buɗe baki. Kuma kwando ba ya taɓa ƙasa. In guda ya taɓa, amarya ta fasa, a zubar da duka kwandunan shida, ba kuwa komawa sai baɗi, don dusar ƙanƙara ta kusa rufe hanya. Shi ya sa kowane kwando mutum biyu ne. Wannan ya gaji, wancan ya kawo baya, a sauya a tsaye.

Na ce ba na bukatar na biyu. Apo ya ce in na ga dama in ɗauka ni kaɗai har kogo, ba mai ƙwace mini, amma dole wani ya bi bayana ɗaure da igiya, wannan ba shi ya kafa ba balle ya ɗage. Na ce wa ke nan?

Ya ce, "Yayanka. Rustam."

Nazir mai injin niƙa ne ya fara fashewa. "Kai Apo, ka iya zaɓe. Waɗannan ai shekara sha tara suna koyon shirun, mu ne sabon shiga."

Har liman sai da ya rufe baki da gefen mayafi. Yaya yana zaune jikin bango yana tsaga tsumagiyar saƙa kwando. Bai ɗago ba.

A gida matata Marziya ta saurare ni har na gama, tana dama shayin gishiri. Tambayarta ɗaya: "To Baban Nargis, in fitsari ya matsa maka fa? A tsaye, da amarya a baya?" Na ce haka muke yi a kan dutse tun ba ta san hanyar rafi ba. Ta ce gwiwa fa. Na ce gwiwata ba ta aiko ta ba.

Ta ƙara mini man shanu a shayin fiye da kullum.

Laraba, 25 ga Oktoba

Gwiwar hagu. Na shafa man ƙwallon culi. Ba wani abu ba ne.

Alhamis, 26 ga Oktoba

An rarraba kwanduna. Duka Yaya ne ya saƙa su, duk kwarin nan ba mai hannunsa a wannan, gaskiya ɗaya ce.

Nawa akwai abin da na lura. Maɗaurin kafaɗar dama an naɗe shi da gashin akuya, an ɗinke da kyau. Na duba na Nazir, babu. Na duba na sauran, babu. Kafaɗar dama ce na karye shekarar da dutse ya gangaro mana, shekara sha biyu ke nan, lokacin mun riga mun daina magana. Bai zo duba ni ba. Ban aika masa ba.

Marziya ta ce duk gari ya san wace kafaɗa ce. Ƙila gashin ne ya yi masa saura.

Abin da ya haɗa mu ban taɓa rubutawa ba. Ranar buɗe masaukina, an cika, har da manya daga Skardu. Wani ya yaba mini da ilimi. Yaya yana can ƙarshen tabarma ya ce, cikin dariya, ai shi ya tsaya da awaki ni na tafi makaranta. Na ce da ƙarfi, kowa na ji, ba wanda ya taɓa ɗaukar mini ko allura a duniyar nan. Ya ajiye kofinsa, shayin ko rabi bai sha ba, ya nemi takalmansa. Shi ke nan. Muna haɗuwa a jana'iza, muna tsayawa sahu ɗaya. Matanmu suna kai wa juna wuta da gishiri kamar ba a yi ba.

Da yamma na bi ta ƙasan gari, ba don komai ba, hanya ce. Gonarsa ce ta ƙarshe a magudana. Karan alkamar ko gwiwa bai kai ba. Itacen culin da Inna ta dasa ya bushe rabi.

Asabar, 28 ga Oktoba

Bukkokin makiyaya. Mu sha biyu da Apo. Hawan awa bakwai, gwiwa ta yi magana sau biyu, na yi kamar ban ji ba.

Tunda ba a sari ƙanƙara ba ana iya hira, kuma sun yi ta yi kamar masu tara guzuri. Ni da Yaya ta bakin Apo muke magana. Yaya ya ce a gaya wa mai masauki ya matsa daga bakin ƙofa, iska ta can take shigowa. Na ce a gaya wa mai awaki na kwana a wuraren da ko tsuntsu ba ya kaiwa. Apo ya ce shi ba ɗan aike ba ne, ga ku ga juna taku uku.

Na matsa. Hayaƙi ne ya dame ni a wajen.

Lahadi, 29 ga Oktoba

Yau muka ƙetare kogin ƙanƙarar zuwa inda za a sara. Gobe ta nan za mu dawo da kaya.

Na daɗe ban taka ta ba. Na manta yadda take yi wa mutum. Daga gefe ba ka ganin komai sai fari, amma kana shiga tsakiya sai ka ji tana da rai: ruwa na gudu a ƙarƙashin ƙafarka, can nesa ta yi ƙara kamar an buɗe tsohuwar ƙofa. Tsagoginta in ka leƙa shuɗi ne, shuɗin da ban taɓa gani a yadi ba, yana yin duhu har ido ya gaji. Nazir ya jefa dutse a ɗaya, muka tsaya jiran ƙararsa, ba mu ji ba. Daga nan ya rage barkwanci.

Ni na ɗaura wa kowa ƙarafan takalmi. Da na zo kan Yaya na miƙa wa Nazir. Ya ɗaura masa a karkace. Na yi taku goma ina kallo, abin ya ƙi barina, na koma na durƙusa na kwance na sake. Ƙafarsa ta zama ƙarama a cikin takalmin. Sama yake kallo, ni ina kallon ƙasa.

Shi ya riƙa jera duwatsu uku-uku a hanya don mu gane ta gobe. An yi alkawarin igiya: ja ɗaya tsaya, ja biyu tafi.

Da la'asar dusa ta ɗan sauka. Kaɗan ce, kamar kaurin tafin hannu. Amma irinta ce ke rufe bakin ƙananan tsagogi. Na gaya wa Apo. Ya ce in mun jira ta narke, sai baɗi.

Talata, 31 ga Oktoba

Gida. Jiya hannuna bai iya riƙe alƙalami ba. Zan rubuta yadda aka yi, daidai, kafin Nazir ya ƙara mata gishiri.

Gari na wayewa muka yi salla, Apo ya yi bisimilla ya kai sara na farko. Daga nan baki ya mutu. Aka naɗe kowane curi da fatar tunkiya aka sa a kwando tun yana bayan mai ɗauka. Nawa zai yi kilo talatin. A da ina ɗaukar haka in hau da waƙa.

Mu ne na huɗu a layi. Sauran suna sauyawa duk bayan ɗan lokaci, mai kaya ya tsaya, na biyu ya zo ya kafa kafaɗa, a zare hannu ɗaya, a zare ɗayan. Ni ban tsaya ba. Sanyin ya ratsa fatar ya ratsa riga, ya zauna mini a ƙashin baya. Ba abin da kake ji sai ƙarafa na cizon ƙanƙara da numfashin mutane. Igiyar da ke tsakanina da Yaya ba ta taɓa ja na ba, ba ta kuma taɓa jan ƙasa ba. Na yi aiki da 'yan dako ɗaruruwa, waɗanda suka iya wannan ba su fi biyar ba. Ban san inda ya koya ba.

Wajen hantsi Apo ya ɗaga sanda aka huta a tsaye. Hannuna ɗaya na kan maɗauri, ɗaya na kan sanda. Sai na ga Yaya a gabana. Ya zaro busasshen culi daga aljihu, ya cire ƙwallon, ya kawo bakina. Da ana magana da na ce ba na so. Ba a magana. Na buɗe baki.

Uku ya ba ni.

Bayan rana ta raba, saura kaɗan mu fita daga kan ƙanƙarar, har ina hango baƙaƙen duwatsun gefe. Awa shida ke nan a bayana. Gwiwa ta daina ciwo, ta koma kamar ba tawa ba. Mutum shida da Apo sun taka wurin sun wuce lafiya. Ni na taka ɗan gefe, ƙafar ce ba ta je inda na aike ta ba. Dusar ta buɗe. Ƙafar hagu ta shige har cinya, ta dama ta lanƙwashe a ƙarƙashina, nauyin ya ja ni baya.

Ihun ya zo har haƙora. Na cije shi. Na gaba ba su waiwayo ba, don ba abin da suka ji.

Na kafa sanda na turo jikina gaba iya ƙarfina. Ina jin gindin kwandon yana sauka. Ban gani ba, amma na san tsakaninsa da dusa bai fi yatsa huɗu ba. A ƙasa, inda ƙafata take lilo, ruwa na gudu. Na tuna gonar ƙarshen magudana. Ban tuna masauki ko jif ba, ban san dalili ba.

Sai nauyin ya tsaya. Bai ragu ba, tsayawa ya yi.

Yaya ne. Ya kwanta rub da ciki, ya ja jiki, ya shige ƙarƙashin kwandon, ya tare shi da bayansa. Mutum mai shekara sittin da bakwai, kwance a bakin tsaga.

Abin da ya rage in zare hannuwana daga maɗauri. Na san haka. Amma na damƙe su. Na ce a raina bari in huta kaɗan, zan iya tashi da shi, na tashi da wanda ya fi shi. Bai ja ba. Bai taɓa maɗaurin ba. Yana nan kwance, ina jin numfashinsa na fita da ƙyar. Can sai ya lalubo da hannu ɗaya ta baya ya riƙe mini ƙugu, wajen ɗamara.

Nan yake riƙe ni a gadar igiya, ina yaro, a hanyar makaranta. Kullum da safe, shekara takwas, shi ke ƙetarar da ni kogi, don ina tsoron gadar. Sai ya ga na taka wancan gefe sannan ya juya ya koma wajen awaki. Da na lissafa awa biyu zuwa awa biyu dawowa ban sa wannan ba. Ba mantawa na yi ba. Ban dai sa ba.

Na zare hannun dama. Na zare na hagu.

Na bayanmu suka iso, biyu suka tallafi kwandon har Yaya ya zura hannuwa ya miƙe da shi, biyu suka ciro ni. Duk ba wanda ya ce uffan. Nazir hawaye yake yi, ko sanyi ne.

Awa uku da suka rage ni ne a baya, da sanda, riƙe da igiya. Ban taɓa bin bayan mutum da hannu wofi ba. Wuyansa siriri, jijiyoyi duk a waje. A hawan ƙarshe zuwa kogo ya fara tangaɗi, yana taku biyar yana tsayawa. Na matso na sa tafin hannu a gindin kwandon ina turawa sama. Ya ji. Bai waiwayo ba, ya dai rage sauri don in iya binsa. Haka muka hau.

Mun isa rana na kan dutse. Masu namijin sun riga mu, liman na tare da su. Aka kwantar da su gefe da gefe, aka jera gorunan ruwa a tsakani, aka zuba gawayi da ƙaiƙayi, aka rufe bakin kogon da duwatsu. Liman ya yi addu'a, aka shafa. Apo ya ce, "To, ku yi magana."

Ba wanda ya yi. Mu suke kallo, 'yan banza.

Yaya ya zauna a kan dutse yana murza kafaɗa. Ya ce, ba da ƙarfi ba, "Tun asuba Baba nake bi. Har ɗingishin nasa ka ɗauko, Sikandar."

Na ce, "Kai ma ka rame, Yaya."

Abin da ya zo bakina ke nan bayan shekara sha tara.

Laraba, 1 ga Nuwamba

Gwiwa ta yi kamar tulu. Marziya ta ɗaure ta da ƙullun sha'ir mai ɗumi. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Na jira duk yini, ba ta faɗa ba. Wannan ya fi ciwo.

Ashe akwai masu raɗa wai kwandon ya taɓa. Apo ya tara mutane ya tambayi Yaya. Aka ce ya amsa, "Abin da ya taɓa bayana ne. In bayana ƙasa ne, to ku zubar." Magana ta mutu.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Yaya ya zo da hantsi. Ya zauna bakin gado, ya danna gwiwar da yatsa, ya ce ba karaya. Mun yi maganar awaki, da rufin ɗakinsa da ke yoyo. Shayi kofi biyu ya sha. Na ce a ƙara masa, ya ce zai dawo.

Apo ya ce sai shekara sha biyu kafin ta fara ba da ruwa sosai. Na yi lissafi. Ni saba'in da huɗu, Yaya saba'in da tara. Ban faɗa masa ba. Na ga shi ma yana yi da yatsu.

Juma'a, 3 ga Nuwamba

Bayan salla liman ya zo da littafin masallaci, inda za a rubuta waɗanda suka yi aikin. Masu ɗauka, kowane kwando layi ɗaya, suna biyu. Ni kuwa wai don girmamawa ya ware mini wuri a can sama, ni kaɗai, da manyan baƙaƙe: Haji Sikandar, wanda ya ba da igiyoyi da ƙarafa. Layin kwando na huɗu ya sa Rustam kawai, tunda shi ya shiga da amaryar kogo.

Ya zaci zan ji daɗi.

Na ce ya soke. Igiya kowa na iya bayarwa. Awa shida na goyi amaryar nan, ƙashin bayana bai gama narkewa ba, kuma hawan ƙarshe da hannuna a ciki, a tambayi Nazir. Ba za a ajiye ni a sama kamar hoton bango ba. Wanda zai buɗe littafin ran da ruwa ya kai ƙarshen magudana, ko muna nan ko ba ma nan, ya tarar da ni inda na yi aiki.

Ya ce to yaya zai rubuta?

Na ce kwando na huɗu: Rustam da Sikandar, 'ya'yan Rahim. Nasa a gaba. Shi ne babba, ba don wani abu ba.

Ya ce zai gyara in ya koma. Ban yarda da gyaran da ban gani ba. Gobe zan sa a kai ni masallaci ko a kan jaki ne, Yaya ya ce zai kawo nasa. A rubuta sunana a layin nan, ina tsaye, da tawada, ba da fensir ba.